Na Kau Da Kai Ga Yayana Ban Sani Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu! Maza, na gaishe ku. Mata, ku ma na gaishe ku. Kun ga yadda na juyo wajenku da kaina, ba wanda ya taɓa mini kafaɗa? To ku ce Haleluya mana! A'a, wannan Haleluyar ta waɗanda ba su karya kumallo ba ce. Ku sake!

Saboda baƙinmu na Korahane da Ajekoriya, sunana Dauda, amma duk Dakoro Mushe Dauda ake ce mini, wato malamin makaranta, don na daɗe ina riƙe da alli a lakwal, makarantar boko, kafin in aje aiki. Fasto ya ce in taƙaita. Fasto, ka yi haƙuri, kai ka miƙa wa tsohon mushe mikro, yau kuwa bakina cike yake.

Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu, ni da yayana Shaibu, dillalin dabbobi. Shi Musulmi ne. Har yau da furfurar nan tawa Auta yake kirana. Lokacin da na karɓi Yesu ina saurayi dangi suka watse mini, shi kaɗai ya tsaya ya ce bai gane hanyata ba, amma ƙanensa ƙanensa ne. Layinmu ɗaya da shi. In na fito daga gida, ƙofarsa tana hannun hagu, nan yake shimfiɗa tabarma da safe kafin ya wuce kasuwa. Tun da na yi aure ban taɓa wuce tabarmar nan ban rusuna na gaishe shi ba. Da Sallah nama ya shigo gidana, da Nowel, wato Kirsimeti, shinkafa ta shiga gidansa.

Bara bayan girbi ina gona ana ɗaurin gero, sai na ji hannuna na hagu ya yi nauyi, ƙasa ta taso ta same ni. Na san ina da tansiyon, wato hawan jini, amma magani sai ran da na tuna nake sha. Yaya ne ya bar kasuwa ya zo a guje. Shi ya shiga anbilans ya ɗora kaina a cinyarsa tun daga nan har Maradi. Aka yi hoton kai, aka ce jijiya ce ta toshe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin hagu ya shanye. Kuka yi ta addu'a, Allah ya ji, ƙafa ta dawo a hankali, hannu ma ya fara kama kofi. Na dawo gida ina cewa na warke sarai.

Ashe da sauran magana!

Matata, Maman Rahila, ta kawo tuwo, in cinye, in ce, "Ke, yanzu awon abinci kike mini?" Sai ta juya kwanon. Ikon Allah, sai ga rabin tuwo! In ce, "Daga ina wannan ya fito?" In yi aski in fito, yara su yi ta ƙunshe dariya, gemu rabi fes rabi daji. In sa riga hannu ɗaya, ɗayan yana reto a baya. Kafaɗata ta sha dukan bakin ƙofa har na aika a kira magini in yi masa faɗa, ƙofar da ya gina tun kafin a haifi ɗiyata.

Ku fahimce ni da kyau, ƴan'uwa, don nan ne mutane ke ɓata. Ba duhu nake gani a hagu ba. Hagun ne babu shi kwata-kwata, kuma ban ji na rasa komai ba. Yanzu haka da kuke zaune, akwai wanda ya damu don ba ya ganin ƙeyarsa? To haka nake. Aka kai ni wajen likitan ido ya duba ya ce idanuna lafiyarsu lau. Na dawo ina cika baki, na ce wa Maman Rahila, "Kin ji ko? Ke ce ya kamata a duba."

An ce in riƙa tattaki da safe don ƙafa ta yi ƙarfi. Sai in fito da sandata, in gai da Tanko mai shayi a dama, in gai da masu faci a dama, in isa ƙarshen layi in karya dama, in sake karya dama, in zagayo gida ta baya. Kun gani? Ban taɓa dawowa ta hanyar da na bi ba, balle tabarmar Yaya ta koma hannun damana in gan ta. Kullum ina wuce shi kamar ba a haife mu ciki ɗaya ba. Ni kuma a zuciyata har fushi nake, ina cewa wai Yaya ya daina fitowa ne, ko kuwa ya gaji da mara lafiya?

Kun san garinmu. A zage ka ya fi sauƙi a kan ka gai da mutum ya kau da kai. Magana ta fara yawo. Wasu suka ce iska ce ta taɓa Mushe. Dangi kuwa suka samu Yaya suka ce, "Ai mun gaya maka tun da daɗewa. Ya leƙa kabari ya dawo, mutanensu sun ce ya yanke da ku." Ku ji fa, mu nan ake nufi! Kwanon abinci ya daina ƙetare layi. Maman Rahila ta faɗa mini, na ce ƙarya ce, in Yaya yana ƙofar gida ai zan gan shi, ni ba makaho ba ne.

Sai ɗiyata Rahila ta zo hutu. Tana karatun kine a Tunisiya, wato aikin motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Ta yi kwanaki tana lura da ni. Ran nan ta ba ni takarda da bik, wato biro, ta ce, "Baba, zana mini agogo." Ni da na koya wa rabin garin nan karanta agogo! Na zana na miƙa mata ina jiran yabo. Ta ce duk lambobin na cusa su a gefen dama, gefen hagu fili ne. Na duba na ce ni dai ban ga aibinsa ba.

Da ta ga gardama ba ta ƙarewa, sai ta je ta durƙusa wa Yaya ta ce, "Baba, don Allah gobe kaɗai ka sake gaishe shi." Da safe ta tsaya gabana da salula tana ja da baya tana ɗauka. Da yake daga gaba ta ɗauko ni, Yaya ya faɗo a gefen dama cikin hoton, inda nake gani. Muka dawo gida ta kunna mini.

Wayyo ni! Ga ni nan ina tahowa da sanda. Ga Yaya bisa tabarma, ya ɗaga hannu ya ce, "Auta, an tashi lahiya?" Na ji muryar fa, don ga ni na tsaya. Sai na juya fuskata zuwa dama, na ba shi ƙeya, na ce, "Lahiya lau, Tanko, ya ciniki?" na wuce abina. Hannun Yaya ya tsaya a sama. Sai ya kai shi ga hularsa ya gyara ta, kamar dama abin da ya ɗaga hannun ya yi ke nan.

Na ce ta sake kunnawa. Ta sake. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Rahila ta ce ciwo ne sananne, yana bin masu shanyewar ɓarin jiki, ido yana gani amma hankali ba ya zuwa wajen. Na ce ai magana ta ƙare, a tashi mu je in ba Yaya haƙuri. Maman Rahila ta riƙe ni muka shiga zaurensa, ta kama kafaɗuna ta juya ni har ya koma damana. Na gan shi, ya rame. Na yi ta bayani, har da Faransanci don ruɗewa. Yana saurare. Ashe a lokacin matarsa ta shigo da fura mai sanyi ta aje mini, ta ce bismilla. A ina ta aje? A hagu! Na gama surutuna na tashi, ƙwaryar nan ko kallonta ban yi ba.

Yaya ya ce, "Hurar gidana ma ta zama ƙazanta?"

Na ce, "Wace fura, Yaya?"

Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce, "Likita ya ce idonka lahiya lau. Kana tsintar allura a ƙasa, na gani da idona. Yanzu da matarka ta juyo ka ka gan ni. Tahi gida, Auta. Ranar da ka gan ni da idonka, ba da nata ba, ka zo mu yi magana."

Da la'asar ɗin ranar na sa aka kawo ni nan majami'a. Ba kowa sai Fasto yana gyaran benci. Na zube a gaban can, kusa da inda ganguna suke. Ni da na saba tsara addu'a kamar ina ba da darasi, ranar ba tsari. Na ce, "Yesu, na yi ta cewa lafiyata lau, ga shi na gani ba lafiya nake ba. Ban san ma girman abin da na rasa ba, Kai ka sani. Ba ƙafa nake roƙo ba, ba hannu ba. Mutumin nan shi kaɗai ya tsaya mini saboda na bi Ka. Kada ya mutu yana zaton Kai ka raba mu. Ka ba ni yayana!" Na yi kuka har majina. Fasto ya dafa ni ya ce amin, ya ce, "Mushe, Allah ya ji. Amma in ya aiko amsa ta hanyar da ba ka zata ba, kada ka tsaya gardama." Ya san halina!

A makon da na yi addu'ar malamar Rahila ta can Tunisiya ta amsa saƙon da ta tura mata. Ta ce a asibitin da suke koyon aiki akwai wata na'ura ta maganaɗisu da ake gwadawa ga masu irin ciwona, in an kawo ni za su duba ko na dace. Maganaɗisu! Abin da nake ɗaukar ƙusoshi da shi a gaban yara a aji. Na ce, "Rahila, kaina ƙusa ne?" Maƙwabta kuma suka ce lantarki za a sa mini in dawo ban san sunana ba. Na tuna maganar Fasto na bar gardama. Ku kuka tashi tsaye, ku da tsofaffin ɗalibaina, kuka haɗa kuɗi har na ga kaina cikin jirgin sama. Allah ya sāka muku, ba zan iya ba.

Likitar mace ce, mai fara'a. Ta yi mini tambayoyi, ko ina farfaɗiya, ko akwai wani ƙarfe a kaina. Ta ce ba yanka, ba allurar barci. Ta kuma gaya mini gaskiya, ta ce ba kowa yake samun sauƙi ba, har yanzu ana nazarin abin, ba ta yi mini alkawari ba. Na ce mata, "Madam, ke yi naki, alkawarin yana wajen Wani."

Aka zaunar da ni a kujera, aka toshe mini kunnuwa, aka kawo wani abu mai kamar lamba takwas a kwance. Sai na ji an ɗora shi a gefen kaina na hagu. Na ɗaga hannu na ce, "Tsaya! Kun yi kuskure. Ciwon a dama yake, ku duba hoton!" Rahila ta rufe fuska don kunya. Likitar ta yi dariya ta ce ba kuskure ba ne. Ta ce ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu kullum suna taka wa juna birki. Da na dama ya ji rauni, na hagu mai lafiya ya samu sarari ya danne shi, ya janye hankalina duka zuwa gefe guda. Aikin maganaɗisun shi ne ya lallashi mai ƙarfin ya sassauta, don mai raunin ya samu ya motsa. Na ce, "Ah, shanun huɗa! In ɗaya ya yi ɗingishi, ƙaton ya yi ta jan garma gefensa, kunyar gona ta karkace. Ba mai ɗingishin ake duka ba, ƙaton ake ja wa igiya." Rahila ta fassara mata sosai, ta ce haka ne.

Aka kunna. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas! Kamar kaza tana tsattsagar fatar kai. Ba zafi, sai dai fatar goshi ta ɗan motsa, wani lokaci in tashi da ɗan ciwon kai ya wuce. In an gama a kai ni wani ɗaki a sa ni aiki, a manna jan ƙyalle a gefen takarda a ce sai na nemo shi kafin in fara karatu. Tsohon mushe ya koma ajin farko! Kwanakin farko ban ga wani canji ba. Na fara cewa a raina an wahalar da jama'a a banza.

Wata safiya an gama ƙas-ƙas ɗin, an cire abin, ina zaune ina jiran a ce in tashi. Sai na ji kamar ɗakin ya ƙara faɗi. Akwai taga! Akwai labule shuɗi! A ƙarƙashin tagar kuma ga mutum zaune dab da ni, riƙe da hannuna na hagu. Na ce, "Rahila, yaushe kika shigo?"

Ta ce, "Baba, kullum nan nake zaune."

Haleluya! Ku ce Haleluya, jama'a! Ni ina zaton a waje take jirana. Na fashe da kuka, ita ma haka, likitar ta rasa wanda za ta ba hankici. Daga ranar abin ya riƙa zuwa yana tafiya, yau in ga rabin tire gobe ya ɓace, amma kullum yana ƙara zama. Kafin mu taho na zana agogo, lambobin suka zagaye shi, ko da yake na hagun sun ɗan matsu.

Muka sauka Yamai, muka kamo hanyar Maradi, muka iso Dakoro. Jama'a suka cika gida da barka. Yaya bai zo ba.

Washegari na ɗauki sandata na ce kowa ya zauna, ni kaɗai zan fita. A raina na ce ai da sauƙi, na san inda tabarmar take, ko ban gan shi ba in na zo daidai wajen sai in juya in yi gaisuwa. Kun ji dabarar ɗan Adam, bayan duk abin da Allah ya yi! Na iso ƙofarsa na juya hagu. Ga tabarma, ga buta, ba Yaya.

Na ce shi ke nan, ya ji na dawo ya shige ciki don kada mu haɗu. Na ci gaba da tafiya ina jan ƙafa, ko Tanko ban iya gaisarwa ba. Na wuce masu faci, na kusa ƙarshen layi. Ban juya ba, ban nemi komai ba. Sai wani abu ya motsa a gefen idona na hagu, ƙasa-ƙasa, yana lilo. Tasbaha ce. Na bi ta da kallo na ga hannu, na bi hannun na ga Yaya, zaune bisa wani kututture a ƙofar gidan mutane, inda bai taɓa zama ba. Bai yi tari ba, bai yi magana ba. Dillali ne fa, ya san yadda ake gwada dabba kafin a saya!

Na yar da sanda na rusuna na ce, "Yaya! Ina kwana, Yaya!"

Ya ce, "Wa ya gaya maka ina nan?"

Na ce, "Ba kowa. Ga tasbaharka, ga hularka ta saƙi, ga tabon da bijimin sa ya yi maka a goshi. Ina ganinka, Yaya!"

Ya ce, "Ashe da gaske ciwo ne." Ya kama hannuna na hagu da hannuwansa biyu ya ce, "Auta, kana cikin wanga hali ni kuma ina hushi da kai? Ka gahwarce ni." Na ce ni ne da neman gafara. Muka tsaya muna gardamar wanda zai yafe wa wani, tsofaffi biyu suna hawaye a bakin hanya, har Tanko ya bar shayinsa yana ƙonewa ya zo kallo.

Ƴan'uwa, na gode wa Yesu! Shi ya ba mutane hikimar ƙera na'urar nan, shi ya buɗe hanya, shi ya taɓa zuciyar yayana. Mai tansiyon ya sha maganinsa, kada ya yi irin tawa. In kuna da wanda ya yi wannan ciwo ya daina kula ku, kada ku yi fushi, ku zagayo ta inda yake gani, ku kai shi a duba shi. Wanda kuma ya zo yau da abin da ya fi ƙarfinsa, ya faɗa wa Yesu gaskiya yadda take, ya dogara gare Shi. Yana ji, ni shaida ne!

Ba zan ce muku na koma daidai kamar da ba. In na gaji, ko cikin hayaniyar kasuwa, hagun yakan so ya sulale, kuma an hana ni tuƙa moto, wato babur. Yaya ya ji haka ya ce ba komai. Yanzu duk inda za ni shi ke raka ni, kuma ba ya tafiya sai a haguna, in amalanke ta taho ya ja mini riga. Yau ma shi ya kawo ni. Ba ya shigowa, yana can gindin dogon yaro yana jira, ya ce in gaishe ku, in kuma gaya muku ya janye maganar da ya yarda da ita a kanku. In an tashi, don Allah ku bi ta wajensa ɗaya bayan ɗaya ku ba shi hannu.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!